Wata uku ina gadin mabuɗin sirri a Garwa

A Garwa ba mu da na'urar harba ƙwayar haske ɗaya-ɗaya, sai na gina komai a kwamfutata da Python, harshen rubuta manhaja, da dare bayan isha, idan zafin Afrilu ya ɗan lafa kuma akwai wuta.

Na fara da tsarin BB84 na Bennett da Brassard, na 1984. Mai aikawa da mai karɓa suna haɗa mabuɗin sirri, wato lambobin kulle saƙo, ta hanyar ƙwayoyin haske, duk mai laɓen da ya auna ƙwaya sai ya bar sawu. Kuskure ya haura wajen kashi 11 cikin 100, a zubar da mabuɗin. Wannan bai ba ni wuya ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne ƙa'idar Kochen da Specker ta 1967: a duniyar kwantum, wato ta ƙananan abubuwa irin ƙwayar haske, kowane awo tambaya ce, kuma amsa ba ta zaune tana jiran mai tambaya, tana bin tambayar da aka haɗa ta da ita. Ɓarawo ba ya sace abin da ba a ajiye ba. Na bi gwajin Klyachko da abokansa na 2008. Tambayoyi biyar ne a da'ira, maƙwabta biyu ba sa cewa "eh" tare. In amsoshin a ajiye suke, jimillar "eh" ba za ta wuce 2 ba. Kwantum kuwa yana kaiwa kusan 2.24. Duk tsaron a wannan ɗan tsakanin yake.

Daren da 2.24 ta fito a allo, shayina ya huce ban sani ba. Da safe na kai wa malamina. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ka duba ko maƙwabtan suna cewa eh tare?"

"Malam, ai lambar ta fito daidai."

"Je ka duba dai."

Suna cewa. Ashe na raba tambayoyin a da'irar da digiri 72 maimakon 144. Jimillar ba ta motsa ba, amma sharaɗin da ke ba ta ma'ana ya rushe, kuma da na'ura ce ta gaske, ta nan mai laɓe zai shigo. Tun ranar nake fara duba sharaɗi kafin in kalli sakamako.

Bayan gyara na saki mai laɓe da awo mai laushi, dabarar Aharonov, Albert da Vaidman ta 1988: a taɓa ƙwayar kaɗan, kamar mai ɗanɗana miya da bakin cokali. Na ji tsoron zai kwashe sirrin ba sawu. Ashe in ya taɓa a hankali, abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. In ya ƙara nauyin hannu, lambar tana gangarowa zuwa 2. Wahalar ita ce ƙaramar taɓawa tana ɓuya cikin hayaniyar na'ura, sai an tara ƙwayoyi masu yawan gaske kafin a rarrabe su. Yanzu duk hayaniyar da na gani, a kan mai laɓe nake lissafa ta, in rage tsawon mabuɗin daidai da ita.