Gyaran Inji a Fadamar Yauri, da Yadda Muka Kwashe da Sauro

Ni makanikin injin ban ruwa ne, kuma sana'ar ce ta kai ni wata tunga a gaɓar kogin Kwara, ƙasar Yauri, lokacin da manoma ke shirin shinkafar rani. Daga Birnin Kebbi muka bi ta Jega da Koko, a Yelwa muka loda kayan aiki a jirgin ruwa. Ruwan wajen ya faɗaɗa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sai ka daɗe kana tafiya ba ka ga komai ba sai gungu da masunta.

Da rana lafiya lau. Ana kiran magariba labari ya canza. Duk wani kwamin shinkafa da sawun kofaton shanu da ruwa ya kwanta a ciki gidan haihuwar sauro ne, mu kuwa a tsakiyarsu muke durƙushe, hannu duk baƙin mai, ba halin marin ƙafa. Gumi da numfashin mutum ke janyo shi, makaniki kuwa ba ya rabo da gumi.

Na zo da gidan sauro mai magani. Muka kafa itace huɗu, muka cusa gefensa ƙarƙashin tabarma, barci ya samu. To amma gidan sauro mai barci yake karewa, ba mai jiran inji ya ja ruwa cikin dare ba.

Dattijon tungar ya ga yadda nake soshe-soshe, ya yi dariya. "Ɗana, ka sauke wannan baƙar rigar, ka sa mai haske mai dogon hannu. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, don ta idon sawu yake fara gaisuwa."

Na ce, "Baba, ga zafi."

Ya ce, "Zafi ko masassara, zaɓi ɗaya."

Yaransa suka hura wuta ta inda iska ke fitowa, suka zuba ɗanyen ganyen dogon yaro da busasshen kashin shanu. Hayaƙin yana rage shi sosai, sai dai ido ya yi ta hawaye, kuma da iska ta juya ya dawo. Man shafawa na korar sauro, Odomos, ma ya taimaka, har gumi ya wanke shi. Wani ya ce a yayyafa fiya-fiya cikin bukka, na ƙi: guba ce, ga mu da tukunyar tuwo a waje ɗaya.

Dabarar da ta fi duka ita ce sauya lokaci. Muka koma kwance inji da hantsi, a gama ɗauri kafin la'asar sakaliya, kwana kuma a kan tudu inda iska ke kaɗawa. Macen sauron da ke ɗauke da cutar maleriya daga faɗuwar rana zuwa asuba take farauta.

Abin da ya tsaya min a rai yaran tungar ne, da ba su da inda za su koma. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar, ba jihar da ta kai haka. A Kebbi da Bayelsa aka fara allurar rigakafinta a Najeriya a Disambar 2024.

Bayan na dawo gida da mako guda da 'yan kwanaki jiki ya ɗau zafi. Na je aka gwada jini, ita ce, na shanye maganin har ƙwayar ƙarshe kafin na sake karɓar wani aikin fadama.