Bututun da ya kai mu Karlsruhe

Shekaranjiya na dawo, jakata ma ban gama kwancewa ba. Mu shida muka je Jamus, ɗaliban kimiyyar nukiliya biyar da malaminmu, kuma abin da ya kai mu wani bututu ne da bai fi ɗan yatsa kauri ba.

Jami'in da ya karɓi fasfona a filin jirgi yana ganin kalmar nukiliya a takardar gayyata ya haɗe rai. Tambaya ɗaya sau uku, ko sannu babu. Malam ya matso ya ce, "Bar shi ya gama, ɗana, kar ka ce uffan." Na haɗiye. A tashar jirgin ƙasa kuma sai da na biya Yuro 1 kafin in zaga bayi, abin da har yau nake jin ciwonsa.

Cibiyar binciken tana cikin daji a arewacin Karlsruhe, inda aka kafa cibiyar nukiliya tun 1956, yanzu ƙarƙashin KIT, jami'ar fasaha ta Karlsruhe. Ga abin mamaki: Jamus ta rufe tashoshin nukiliyarta uku na ƙarshe a Afrilun 2023, amma ilimin ba su yar ba.

Wani dattijon injiniya ya tarbe mu, mutum mai sakin fuska, sai ka ce ba ƙasa ɗaya suke da mai fasfo ba. Ya miƙa mana guntun bututun zirkoniyam mai ƙyalli. Shi ne kuben da ake jera ƙwayoyin yuraniyam, makamashin tashar nukiliya, a ciki, bangonsa bai kai milimita 1 ba. An zaɓi wannan ƙarfe ne don ba ya shanye nutron sosai, wato ƙwayoyin da ke farfasa yuraniyam ya ba da zafi, sai a haɗa shi da 'yar kuza ko wani ƙarfen don ƙarin juriya. A digiri 300 da wani abu yakan yi shekaru cikin ruwa lafiya lau.

Sai ya ɗauko na biyu, wanda ya sha tururi mai zafi. Ya yi fari-fari, ya tsage, yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai. Na sha rubuta lissafin wannan a jarrabawa, amma ban taɓa gaskata shi ba sai ranar.

Idan ruwan sanyaya tukunyar nukiliya ya tsiyaye, zafi ya haura, zirkoniyam yakan fizge oksijin daga tururi, ya bar iskar haidurojin. Tsatsar da ta fara fitowa baƙa ce, tana manne, har tana rage saurin cin. Amma a wajen digiri 1000, in an daɗe, sai ta tsattsage, tururi ya samu ƙofa. Oksijin kuma yana ratsa ƙarfen da ke ƙasa, ya mai da shi mai saurin karyewa. Mafi muni, wannan ci da kansa zafi yake fitarwa, zafin kuma ya ƙara masa sauri. Daga digiri 1200 abin ya zama wutar da ke hura kanta. Shi ya sa dokar Amurka ta kafa iyaka a digiri 1204, kuma kar tsatsa ta ci fiye da kashi 17 cikin 100 na kaurin bangon. Haidurojin ɗin nan ne ya kama wuta a tashar nukiliyar Three Mile Island ta Amurka a 1979, shi ne ya tarwatsa gine-gine a tashar Fukushima ta Japan a Maris 2011.

Na'urar gwajinsu, QUENCH, ba yuraniyam a cikinta. Damin sanduna 21 ne ake gasawa da lantarki cikin tururi, sannan a sako ruwa daga ƙasa. Nan na yi tambayar da na zaci ta wauta ce: ba ruwa ne maganin ba? Dattijon ya yi dariya, ya ce ai tambayar da ta sa aka gina na'urar ke nan. Ruwa in ya taɓa sandar da ta yi jawur sai ya zama tururi mai yawa, tsatsar ta fashe, ƙarfe ya fito fili, a wasu gwaje-gwajen haidurojin ya ƙaru kafin sanyi ya zo. Malam ya kalle ni ya gyaɗa kai. Dattijon ya nuna mana kuma bututun da aka shafa wa siririn kromiyam, wanda ake fatan zai jinkirta cin. Ya ba mu lokacinsa har ya bar abincin ranarsa, ya rako mu bakin ƙofa.

Lahadi muka tarar da shaguna a rufe, tsarabar da na yi niyya ta bi ruwa. Na mai da robobin ruwa biyu aka ba ni santi 50. Litinin da asuba muka kama hanyar filin jirgi, na yi barci tun kafin jirgi ya tashi.