Hasken da ya ƙone a hoto ba ya gyaruwa

An kawo mini hotunan wani taro domin in gyara haskensu da launinsu, kuma da na tambayi wanda ya ɗauka ina fayilolin RAW suke, wato ɗanyen hoton da kyamara ta ɗauka kafin ta matse shi, sai ya ce ya goge su saboda suna cinye masa wuri a katin kyamara, JPEG kaɗai ya ajiye, wato hoton da aka riga aka matse. Har yau wannan amsa tana ba ni haushi.

Fuskokin da inuwa ta rufe ba su ba ni wahala ba. Na bi hanyar da aka saba a manhajar gyaran hoto ta Photoshop, wato a shimfiɗa ruwan toka na kashi 50 cikin ɗari a kan hoton, a riƙa shafa fari inda ake son haske da baƙi inda ake son duhu, da buroshi mai laushi wanda aka rage wa ƙarfi sosai. Abin lura kawai shi ne baƙar fata, domin idan aka haskaka ta ba tare da an mayar mata da ɗan ja da rawaya ba, sai mutum ya fito fururu kamar wanda ya tashi daga jinya.

Inda aikin ya cije shi ne farar rigar babban baƙo, wadda rana ta faɗo a kanta. Na yi ta ƙoƙarin rage hasken kafaɗar domin ninkin yadin da ɗinkin wuya su bayyana, amma abin da ya fito shi ne wani tabo mai ruwan toka, shafal, babu zare ko ɗaya a ciki. Da na auna wurin, sai na ga ja da kore da shuɗi duk sun tsaya a 255. Hoton JPEG yana da matakai 256 ne kacal ga kowane launi, daga 0 zuwa 255, kuma duk abin da ya kai ƙarshen ma'aunin ya zama fari zalla, babu wani bayani da ya rage a ƙarƙashinsa da za a tono. Fayil ɗin RAW kuwa yakan ɗauki matakai 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamarar, kuma sau da yawa akan iya ceto wani ɓangare na irin wannan haske daga cikinsa. Wannan shi ne abin da aka goge don neman wuri a kati.

Rashin ya sake cim mini wajen launi. Hotunan cikin zaure sun yi rawaya saboda hasken ƙwan lantarki, wanda ke wajen 3,000 a ma'aunin launin haske na Kelvin, alhali hasken rana yana wajen 5,500. A RAW, matsar da ma'auni ɗaya ya isa a gyara launin. A nan kuwa da na ƙara shuɗi, sai bangon ya tsattsage layi-layi, domin matakan da suka rage ba su isa su haɗa launin sumul ba.

Daga ƙarshe na bar kafaɗar a farinta, na ɗan dusashe abin da ke kewaye da ita don kada ido ya fara sauka a can, kuma na ajiye aikin a TIFF, nau'in fayil da ba ya zubar da bayani, tun da kowace sabuwar ajiya a JPEG tana ƙara zubar da bayani. Yanzu ba na yi wa kowa alkawarin gyara sai na buɗe hoton na duba jadawalin haskensa, wanda ke jera duhu a hagu da fari a dama, idan na ga ya taru ya manne a bangon dama, tun a lokacin nake gaya wa mai shi cewa wannan wurin ya tafi.