Daren jiya a Jidda

Jama'a, muryar da nake ji a waya tun ina sabon zuwa ƙasar nan, jiya na ji ta ido da ido! Mawaƙin ya zo Umra daga Kano, sai 'yan uwa suka roƙe shi ya halarci bikin ɗaya daga cikinmu. Ina tashi daga aiki a Makka na hau jirgin ƙasa na Haramain, ko gida ban biya ba.

Kun san bikin Jidda, sai dare ya raba ake farawa. An zagaya da gahawa da dabino har mun gaji, sannan ya shigo cikin farar jallabiya, ba wani fankama. Da makaɗinsa ya matse kalangu a hammata, wallahi tsigar jikina ta tashi. Wani dattijo kusa da ni, haifaffen Makka, bai taɓa taka Najeriya ba, amma baiti-baiti yake amshi, hawaye na bin gemunsa.

Muryar ta ɗan dishe, girma ya zo, amma ni ta fi min daɗi a haka. Riyal 50 na ware don liƙi, kuɗin motar komawa ma sai da abokina ya ranta min.