Bakan Farko da Na Saya Ya Fi Ƙarfina

Lokacin da na yanke shawarar koyon harbi da bakan gargajiya, wanda ba shi da na'urar saiti kuma ba shi da gargare, hankalina gaba ɗaya yana kan farashi ne. Na kwashe makonni ina kwatanta wannan da wancan, har na tsaya a kan nau'in da ake warware shi gida uku, wato mariƙin tsakiya na katako da rassa biyu da ake ɗaurewa da ƙusa. A cikin masu araha na wannan nau'i, Samick Sage mai tsawon inci 62 yana daga cikin waɗanda aka fi sani, kuma ana samun rassansa masu nauyin ja, wato ƙarfin da ake buƙata wajen jan tsarkiya, daga fam 25 har zuwa fam 60. A zaɓen nau'i ban yi kuskure ba. Kuskurena yana cikin lamba ɗaya tak, wadda na zaɓa cikin abin da bai kai minti guda ba: na sayi mai nauyin ja fam 45, kusan kilo 20.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ja kunnena tun kafin in biya kuɗin. Ya ce, "Ɗana, ka fara da fam 25, ƙarfin zai zo daga baya." Na yi kunnen ƙashi, domin na riga na karanta cewa bakunan da aka tsamo daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545, an ƙiyasta da yawansu sun haura fam 100, sai na ga kamar fam 25 na yara ne. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, waɗancan maharba tun suna ƙanana suke ja, har jikinsu ya ginu a kan aikin.

Akwai kuma abin da ban sani ba sam. Lambar da ake rubutawa a jikin reshe ana auna ta ne a kan jan inci 28, kuma duk incin da mutum ya ƙara, nauyin yana ƙaruwa da kimanin fam 2. Ni hannuwana dogaye ne, jana ya kai inci 29 da rabi, saboda haka abin da yatsuna uku suke riƙewa ya doshi fam 48. Da na buɗe hannuwana na auna daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa na raba da 2.5, da na san kimanin tsawon jana tun daga ranar farko.

A wurin saye na ja shi sau biyu, na ji kamar ba komai, kuma wannan shi ne ya yaudare ni. Ja sau biyu daban, harba kibiya sittin a yammaci guda daban. Kafin in kai ta goma sha biyar, hannun hagu ya fara rawa, kafaɗa ta ɗago har kusa da kunne, kuma yatsuna suna sakin tsarkiya tun kafin manuniya ta taɓa gefen bakina. Tsarkiyar ta yi ta dukan cikin hannuna har wurin ya yi baƙi ya kumbura. Na yi wata huɗu a haka ina gaya wa kaina cewa sabo ne ya rage, har zuwa safiyar da na kasa ɗaga hannun dama in ɗauko abu daga saman kanta.

Ciwon kafaɗar ya warke bayan hutun makonni shida. Abin da ya ƙi warkewa, kuma shi ne yake ci mini rai har yanzu, shi ne sakin gaggawa da jikina ya koya. Ko bayan na koma fam 25, da zarar idona ya sauka a kan tsakiyar allon da ake harbi sai yatsun su buɗe da kansu. Sai da na koma tsayawa taku uku kacal daga allon, ina ja, ina ƙirga uku, sannan in mayar da tsarkiyar a hankali ba tare da na harba ba, kullum, kusan wata biyu.

Abin da ya rage mini asara shi ne nau'in bakan, domin rassa kawai na sake, mariƙin yana nan. Amma kibiyoyi goma sha biyun da na saya an zaɓi taurinsu ne don fam 45, kuma a kan fam 25 suka yi tauri da yawa, suna karkata hagu, dole na sayi wasu. Idan aka haɗa, na biya kusan kuɗin baka biyu, ni da na shafe makonni ina neman rangwame.

Wanda zai fara yau, ina roƙonsa ya tsaya tsakanin fam 20 da 25, ko da yana jin kansa ƙaƙƙarfa, kuma ya gwada riƙe cikakken ja na daƙiƙa goma; idan hannunsa ya yi rawa, bakan ya fi ƙarfinsa. Ya ware wani abu daga kuɗinsa don fatar kare hannu, da fatar yatsu, da igiyar ɗaura tsarkiya, domin ɗaurawa ta hanyar maƙale bakan a ƙafa tana iya murɗe reshe. Kada kuma ya taɓa sakin tsarkiya babu kibiya a kai, ko da sau ɗaya ne.

Yanzu ina kan fam 30, bayan shekara ɗaya da rabi. Rassan nan na fam 45 suna naɗe cikin ƙyalle a saman kabad, ban sayar ba, ban kuma sake ɗaura su ba.