Na je Argungu sauraren wani tsoho

Shekaranjiya na dawo daga Argungu, har yanzu jakata tana warin bandar kifi, uwargida kuwa ta ce jakar ba za ta kwana a ɗaki ba sai ta sha rana. Ba kifi ya kai ni ba. Wani abokina tun na makaranta ya daɗe yana ce mini mahaifinsa tsohon ma'aikacin rediyo ne, tun zamanin da ake yanka tef da reza, in ina son labari in hanzarta, don tsohon ya haura tamanin.

Da asuba na bar Funtuwa, don ba mai son yamma ta same shi a hanyar Tsafe zuwa Gusau. A wani shinge bayan Talatar Mafara wani mai kaki ya zazzage jakata, ya ci karo da 'yar rakodata.

"Kai ɗan jarida ne? Ina katinka?"

Na ce ranka ya daɗe, malamin makaranta ne ni. Ya ce to me malami zai yi da wannan? Ya riƙe ta kusan rabin sa'a yana danne-danne, fasinjoji na hararata kamar ni na tsayar da motar. Ashe ya ɗauki muryarsa bai sani ba. Tana nan a ciki, yana tambayar abokin aikinsa ko mai tuwo ta iso.

Na canza mota a Sakkwato, na isa Argungu ana kiran magariba. Tsohon na zaune a zaure kan buzu, rediyo a gefen gwiwarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi ɗansa ya ce, "Wanga shi na Bakatsinen? A ba shi ruwa, amma a ƙirga kwanoni." Na ce, Baba, ai Bakabe ba ya da abin sata sai kifi. Ya yi dariya har da tari. Muryar ce ta ba ni mamaki. Jiki duk ya zube, ita kuwa tana nan da kaurinta, kowane harafi na fita daram kamar yana karanta labaran duniya.

Bayan isha'i, da tuwon shinkafa da kifin da a Funtuwa sai ranar albashi, ya soma. Ya ce yana saurayi lokacin da BBC ta fara Hausa, ranar 13 ga Maris 1957, mutane suka yi cincirindo a kan akwati ɗaya suna mamakin yadda Hausa ke fitowa daga Landan. "Naku na ya fara magana, Aminu Abdullahi Malumfashi. Shi kaɗai na abin da Katsinawa suka riga mu." Shi Baba da karantarwa ya fara a elementare. Da gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin a Kaduna a 1962, ya zama ba ya da aiki sai aika wasiƙu, har ya nemi aikin kansa. Jarrabawar, in ji shi, takardar labarai ta Turanci aka miƙa masa aka ce ya karanto ta da Hausa nan take, ba alƙalami.

A nan muka fi daɗewa, don nan ne zuciyarsa take. Ya ce wahalar aikin ba magana ba ce, neman suna ne ga abin da Bahaushe bai taɓa gani ba. Tauraron ɗan'adam, yaƙin cacar baka, Majalisar Ɗinkin Duniya, kumbon da ya kai Amurkawa wata a 1969: mu mun tashi mun tarar da su kamar tare da harshen aka halicce su, alhali sai da wasu suka yi ta musu a ɗakin labarai kafin su zauna a bakin mutane. Ya nuna rediyonsa da baki ya ce yaran yanzu kalma uku Hausa, biyu Turanci. Na so in kare su, sai na tuna yadda nake magana a aji, na ja bakina.

Da na ambaci 15 ga Janairu 1966, ranar da Manjo Nzeogwu, jagoran sojojin juyin mulki, ya yi jawabi ta rediyon Kaduna bayan an kashe Sardauna, ya ce yana gida hutu, a akwati ya ji kamar kowa. Ya yi shiru, ni ma ban ƙara ba.

Sai ya sa aka jawo wata tsohuwar adaka. Ciki akwai rakodarsa ta Jamus, Uher, mai madaurin fata, da ta daina aiki tun kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991. Da ita ya shiga kwalekwale a kogin Matan Fada wata shekara don ɗauko bikin kamun kifi, wanda aka soma tun zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Ya ɗauki komai: ƙarar bindiga, gudun masunta da gora da homa, kiɗa, ihu. A hanyar komawa ya manta tef ɗin a gaban mota, rana ta lanƙwasa shi.

"To, Baba, ya kuka yi?"

"Daro muka cika da ruwa, yaro. Wani na facal-facal da hannu, ni ina ba da labari. Har wasiƙa aka aiko ana yabon yadda ruwan Argungu ya fito sosai."

Daga shekarun nan duka, tef ɗaya tak ya rage masa. A lokacin tef tsada gare shi, ana gama watsa shiri a goge a ɗora wani. Shi ma wannan bai tuna abin da ke kai ba, kuma ba na'urar da za a saurara.

Washegari na leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fada ce, akwai makamai da tambura da kaburburan sarakunan Kabi. A kasuwa na sa wa mai kifi rabin kuɗin da ya faɗa, yadda muke yi a gida, ya ce, "Malam, ba mu yin haka nan," ya juya mini baya. Sai da abokina ya sa baki. Shinkafa ta fi tamu sauƙi, amma kuɗin mota ya cinye ribar. Gaisuwarsu kuma doguwa ce, ka tambayi hanya sai an tambayi lafiyar iyalinka.

Komawa ba abin faɗi, sai taya da ta fashe kusa da Gusau. Baba ya naɗe tef ɗin a tsumma ya ba ni, ya ce in Bakatsine ya batar masa da shi har Funtuwa zai aiko. Yana kan durowata. Wani mai gyaran rediyo a Kaduna ya ce in kai masa ranar Asabar ya duba.