Daga Darjeeling zuwa Ghum a jirgin ƙasa mai cin kwal

Tashar jirgin ƙasa ta Darjeeling, a jihar Bengal ta Yamma ta ƙasar Indiya, a bakin titi take. Da safe na isa, hazo ya rufe kwarin da ke ƙasa, ƙaurin kwal ya cika ko'ina. Ma'aikata sun riga sun hura wa kan jirgin wuta, yana ta huci. Ɗan ƙarami ne, shuɗi, tankin ruwansa a ɗore bisa tukunyar tururi kamar sirdi a bayan doki. Faɗin dogon da yake bi ƙafa biyu ne kacal, wato santimita 61. Yawancin injuna irinsa a Birtaniya aka ƙera su, tun daga 1889 zuwa shekarun 1920, kuma har yau makanikan garejin Tindhariya ne ke lallaɓa su suna tafiya.

An fara shimfiɗa layin a 1879, ya iso Darjeeling a 1881, lokacin da Turawa ke neman hanyar sauko da ganyen shayi da kuma hawa su tsere wa zafin Kalkata. Tsawonsa kilomita 88 daga New Jalpaiguri. Injin dizal ne ke yin doguwar tafiyar yanzu. Mai kwal ɗin an bar masa zirga-zirga tsakanin Darjeeling da Ghum, kuma ita na bi.

Da ya busa usur muka ɗaga, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: jirgi a cikin gari, kafaɗa da kafaɗa da motoci. Yana bin gefen titi, ya tsallaka, ya sake dawowa. Muna wuce ƙofofin gidaje da shanyar tufafi, mai kanti yana ɗan ja da kwandon kayan miyarsa baya ba tare da ya ko ɗago kai ba. Yara sanye da kayan makaranta suna ɗaga hannu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke kan injin. A can gaba, mutum biyu na zaune a waje, cikin wannan sanyi, da akwatin yashi kusa da su. Duk inda hawa ya yi tsanani kuma raɓa ta jiƙa dogo, ƙafafun jirgin sai su fara sulɓi, su kuwa su dinga ɗebo yashi da hannu suna barbaɗawa a kan ƙarfen har ƙafa ta kama. Wani kuma yana bisa tarin kwal yana farfasa shi da guduma yana miƙa wa mai zuba wuta. Fuskokinsu duk baƙin toka. A ganina, waɗannan su ne jirgin. Hukumar UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihin duniya a 1999, amma ba takarda ce ke hawar da shi dutse kullum ba.

A Batasiya muka tsaya. Nan ne a 1919 aka lanƙwasa dogon ya zagaya kansa, ya bi ta saman inda ya fito, don a rage kaifin gangara. A tsakiyar da'irar akwai lambu da hasumiyar tunawa da sojojin Gurka, wato sojoji 'yan asalin Nepal da wannan yankin. Hazo ya ɗan yaye, sai ga Kancenjunga, dutse na uku mafi tsawo a duniya, mita 8,586, fari fat. Kowa ya fito da waya.

Ghum tana kan mita 2,258, babu tashar jirgin ƙasa a Indiya da ta kai ta tudu. Na sha shayi mai zafi, na zagaya ɗan gidan tarihin da ke tashar. Ina kallon tsoffin hotuna sai na tuna mu ma mun taɓa samun siririn dogo da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. Abin ya yi mini ciwo, don yawancin matasanmu ko labarinsa ba su taɓa ji ba.

Wanda zai je ya tabbatar tikitinsa na mai tururi ne, don akwai na dizal a hanya ɗaya, ya kuma guji damina saboda zaftarewar ƙasa kan tare layin. Oktoba da Nuwamba sun fi, sararin sama a buɗe yake. A tafi da tabarau, garwashin kwal na shigowa ta taga.